Ranar da Na Buɗe wa Surukina Lema

Ko da tsufa zai kwashe duk abin da ke cikin kaina, ba zan taɓa mantawa da wata ranar Lahadi a Malumfashi ba, ranar da na tsaya a zauren mutumin da nake neman auren 'yarsa, na buɗe masa lema a fuska, na kuma sanar da shi cewa kwanansa ya ƙare. Da hankalina garau na yi, ban sha komai ba, ba kuma iskoki ne suka hau ni ba. Fim ne ya ja mini.

Bari in ɗan koma baya. A lokacin ni akawu ne a kamfanin gurzar auduga a Funtuwa (muna cikin jihar Kaduna ke nan, ba a kai ga yanke mana Katsina ba), saurayi mai albashi, mai sabon keke, mai kuma cutar sinima. Cuta nake ce mata don ban san wani sunan da ya fi dacewa da ita ba. Tun ina sakandare a shekarun saba'in nake lallaɓawa, kuma fim ɗin da ya kama ni ya ƙi saki shi ne wani na Indiya da mu 'yan Funtuwa muka raɗa wa suna Mai Lema. Sunansa na ainihi ba wanda ya damu da shi. Ba ma jin yarensu, sai dai kowa ya fassara wa na kusa da shi yadda ransa ya ba shi, in fassarar ta yi daɗi ta zauna a gari.

Labarin wani tela ne da aka ƙulla wa sharrin kisan kai, ya yi zaman kurkuku, ya fito yana neman wanda ya ƙulla masa. Shi kuwa bos ɗin, wato mugun da ya ƙulla masa, wani siririn mutum ne mai sanyin magana, kullum da baƙar lema a naɗe a hannunsa, ko ana ruwa ko ba a yi. Bai taɓa riƙe bindiga ba, bai taɓa ɗaga murya ba. In dai ya dubi mutum ya buɗe lemar nan, to shi ke nan, gobe sai a tsinci gawa. Na kalli fim ɗin har na daina ƙirgawa, kuma duk sanda lemar ta buɗe sai tsikar jikina ta tashi kamar ban taɓa gani ba.

Ana nan, bayan wasu shekaru, sai Indiyawan suka sake yin fim ɗin. Labari ɗaya, 'yan wasa sababbi, launi rangaɗaɗau, motoci na tashi sama suna kamawa da wuta. Da aka kawo shi sinimar garinmu sai da wasu suka kalla daga kan katanga don cika. Kafin mako ya zagayo samarin gari sun rabu gida biyu, 'yan tsoho da 'yan sabo, kuma ba inda gardamar ba ta kai ba, daga tasha har bakin sikelin auduga. Amma hedikwatarta teburin shayin Ɗan'asabe ne, inda muke karyawa da safe.

Shi Ɗan'asabe ɗan sabo ne na gani-kashe-ni. Yana zuba shayi yana cewa, "Ni hwa faɗa na je gani. Wancan na da, sai ka yi gyangyaɗi ka farka, bos bai gama tafiya daga ƙofa zuwa kujera ba." Emeka mai kayan gyaran keke, haifaffen Funtuwa wanda ya fi ni iya baƙar magana da Hausa, shi ya raba ƙafa. Ya ce waƙoƙin sabon sun fi daɗi, amma telan ne bai gamsar da shi ba. "Wane irin kurkuku ne wannan," in ji shi, "mutum ya shiga siriri ya fito da tumbi? A nuna mini shi, ni ma in je in huta."

Ni kuwa ni ne shugaban 'yan tsoho, ba tare da kowa ya naɗa ni ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne lemar. A sabon fim ɗin sun mai da ita mai harbi, bos ya nuna ta, harsashi ya fito ta tsininta. Lema mai harbi! Ai wannan bindiga ce aka ɗaura wa zane. Duk abin tsoron na da shi ne lemar ba ta komai, mutumin ne ke yi. Na sha makara wurin aiki a kan wannan bayani, shayina ya huce a gabana, kuma ban taɓa jan ko mutum ɗaya zuwa ɓangarena ba.

To a daidai wannan lokacin nake neman Saude. Na fara ganinta ne a gidan gwaggonta, maƙwabtanmu a Funtuwa, kuma ba zan ɓoye ba, son da nake mata ya fi na sinima, abin da ban taɓa zaton zai yiwu ba. Mahaifinta, Alhaji Nalado, babban ɗan kasuwar hatsi ne a Malumfashi, irin waɗanda ke cika manyan motoci da masara da dawa. Mutum ne mai karamci, ba shi da yawan magana, amma a wurinsa sinima makarantar ɓarayi ce. Kowa ya san labarin saurayin yayar Saude, wanda aka mayar wa kayan gaisuwarsa don kawai an gan shi a layin sayen tikiti. Da aka zo bincike a kaina, Kawu Ilu, wanda shi ne waliyyina, ya bugi ƙirji ya ce, "Yaron nan daga aiki sai masallaci. Ko hanyar sinima bai sani ba." Kawu bai yi ƙarya da gangan ba, Allah na gani, ni ne dai na iya bin lungu. Na ji abin da ya faɗa, na kuwa bar shi a haka.

Saude ta san komai. Ana saura 'yan kwanaki in je gaida Alhaji kafin a sa rana, ta ja mini kunne. "Yaya Lawandi shina da surutun fim," in ji ta. "In ya fara, ka yi kamar ba ka ji. Ka ji ko?"

Na ce, "Haba Saude, ni yaro ne?"

Ta dube ni sama da ƙasa.

Ranar ta zo, ƙarshen damina, sama duk hadari. Abokin da zai raka ni zazzaɓi ya kwantar da shi (da yana nan da na sami mai tsunkulina), don haka ni kaɗai na hau mota. Na sha babbar riga, na kafa hula, har da carbi sabo fil da na saya musamman don tafiyar. Na tuɓe takalma tun daga nesa, na shiga zaure a sunkuye, na durƙusa can gefe, idona a ƙasa. Duk abin da Alhaji ya tambaya, amsata ba ta wuce "Na'am, Baba" da "Haka ne, Baba," da wata 'yar murya kamar wanda ya tashi daga jinya. Daga nan aka kai ni in gaida mahaifiyarsa, Iya Kulu, wadda ɗakinta ke bayan zauren kaɗan. Tsohuwar ta ƙare mini kallo sama da ƙasa, ta ce, "Wanga ne mijin namu? Shina magana kuwa, ko sai an tsikare shi?" Na yi murmushin salihai na ƙara sunkuyar da kai, a raina ina cewa aiki na kyau.

Da na dawo zaure Alhaji ya ce zai leƙa ta'aziyya a bayan kasuwa, in jira a kawo abinci, ba zai daɗe ba. Ya fita. Sai a lokacin na ɗaga kai na ga zauren sosai: buhunan masara a jere, buzu a shimfiɗe, benci ɗaya, da wata baƙar lema tsarabar Makka a rataye jikin ƙusa kusa da ƙofa. Na dube ta, na yi maza na kau da kai.

Ba a jima ba Lawandi ya shigo, yayan Saude, direban babbar mota, da abokansa biyu da gasasshiyar masara a takarda. Muka gaisa, suka miƙo mini ɗaya, na karɓa da hannu biyu. Lawandi ya leƙa waje ya tabbatar uban ya yi nisa, sannan ya juyo ya ce da ni, "Malam, ka yi mana afuwa, hirar 'yan duniya za mu ɗan taɓa. Kai dai ja carbinka, ba irin taku ba ce."

Na ce, "Ba komai, Yaya."

Suka kuwa ɗauko Mai Lema, kuma dukkansu uku 'yan sabo ne. Ɗaya ya ce na da ɗin ai fim ɗin ƙauyawa ne. Na ja carbi. Ɗayan ya ce shi bai ma taɓa ganin na da ɗin ba, amma ya tabbata shirme ne, tun da ba jirgin sama a ciki. Na ƙara sauri a carbin (abin da nake faɗa a zuciyata dai ba tasbihi ba ne). Suka ce bos ɗin tsohon fim kamar mai ciwon ciki yake tafiya. Na gatsa masarar nan har haƙorina ya taɓa totuwa. Ina ta tuna fuskar Saude, ina ce wa kaina ai saura kaɗan a kawo abinci, baki ya sami abin yi. Wallahi na yi ƙoƙari, wannan kam ina so a shaide ni.

Sai Lawandi ya miƙe ƙafa ya ce, "Kai, ku bar batun nan. Na da ɗin ma ai lemar harbi take yi, ba su dai da kayan aikin da za su nuna ne."

"Ƙarya ne!"

Sai da na ji muryar ta bugi bango sannan na gane tawa ce. Su uku suka juyo, masara a baki. Har a nan ina da hanyar tsira, na kuma gwada ta. Na rage murya na ce, "Wato, haka na ji wasu abokan aikina na faɗa."

Lawandi ya kwashe da dariya. "To kun ji, ji ya yi. Malam, wanda bai gani ba ai ba shi da ta cewa. Ka bar mana mu da muka gani."

Ni da na haddace fim ɗin kamar sunana, ni ake ce wa ban gani ba. Ban san lokacin da na jefa carbin cikin aljihu ba. Na miƙe, na saɓa hannayen babbar riga a kafaɗa, na miƙa hannu na ciro lemar Alhaji daga jikin ƙusa. Na ce, "Ku matsa, yau zan nuna muku abin da ake kira bos."

Na zaɓi wurin da na fi so a fim ɗin, inda bos ya je gidan wani tsohon alƙali da ya gano gaskiya. Na nuna musu tafiyar, a hankali, tsinin lema na taɓa ƙasa, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Na nuna yadda yake karkata kai, yadda yake share ƙura daga hannun riga da yatsa ɗaya. Abokin Lawandi, wanda ya taɓa ganin na da ɗin, ya ajiye masararsa ya ce, "Wallahi haka yake, kamar an tsaga kara!" Wannan yabo shi ya ƙarasa ni. Wata da watanni ina wa'azi a teburin shayi ba wanda ya tuba, yau ga mutane uku baki buɗe. Na manta inda nake, na manta abin da ya kawo ni.

"Ku lura," na ce, "ba ya duban alƙalin. Baya yake ba shi." Na juya wa ƙofar waje baya, na fuskance su. A waje yayyafi ya fara sauka kan kwano, abin ya ƙara armashi. "Sai ya yi shiru, ya bar tsohon ya ji tsoro da kansa." Na yi shirun. A nan na ga fuskar Lawandi ta canza, idanunsa sun firfito. Abokan nasa suka fara zamowa daga kan benci a hankali har suka kai ƙasa suka durƙusa. Ni kuwa, wawan Allah, sai na ɗauka iya wasana ne ya kai su ƙasa. Daɗi ya kama ni. Na ce a raina, ka ga aikin tsohon fim ko?

Na juya a hankali kan dunduniya kamar yadda bos ke yi, na miƙa lemar gaba, na danna maɓalli, ta buɗe fat. Sannan da sanyin muryar nan, da fassararmu ta 'yan Funtuwa, na ce, "Dattijo, kwananka ya ƙare."

Da na ɗan ɗaga lemar sai ga takalma. Sama da takalman ga farar riga da ɗigon ruwa a jiki. Sama da rigar ga fuskar Alhaji Nalado, hannunsa a miƙe wajen ƙusar da ba komai a jikinta. Ruwa ne ya dawo da shi ɗaukar lemarsa.

Na so ƙasa ta tsage in shige, ba ta tsage ba. Na ja lemar in rufe, ta ƙi. Na danna nan, na danna can, ta ƙi. Ga shi ba ya yiwuwa in tsaya ƙiƙam a gaban suruki, don haka na zube na durƙusa da ita a buɗe a kaina, shi yana tsaye a bakin ƙofa ruwa na dukan bayansa, ni ina cikin ɗaki a inuwar lema kamar wani basarake. Bakina ya rasa abin faɗa sai, "Sannu da dawowa, Baba."

Ya ce, "Yawwa, sannu." Ya miƙo hannu. "In ka gama da ita ina so, ana ruwa."

Na miƙa masa da hannu biyu. Ya taɓa wani ɗan ƙarfe da babban yatsa, ta rufe salin-alin, ya fita, ya sake buɗe ta a waje, ya tafi ta'aziyyarsa. Daga bayan ƙofar cikin gida na ji dariyar tsohuwa, ta yi ta yi har ta koma tari. Ban jira abinci ba. Na fita cikin ruwa, sai da na kusa tasha na lura takalmana a hannu suke.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Ana gardamar Mai Lema a teburin shayi ina zaune kamar baƙo, har Ɗan'asabe ya tambaye ni ko ciwon shawara ne ya kama ni. Abin dariya ne yanzu, amma a lokacin tsoro nake ji na gaske, don na san na rasa Saude, kuma ba wani ne ya raba mu ba, ni ne da bakina. Saƙo ɗaya ta aiko ta hannun gwaggonta, wai a ce mini ai ni ba yaro ba ne. Sai kuma aka aiko daga Malumfashi ana neman Kawu Ilu.

Da ya dawo ya sa aka kira ni. Sai da ya wanke ni tas tukuna, wai na mai da shi maƙaryaci da furfurarsa, sannan ya sha ruwa ya ba ni labari. Ya ce ya tarar Alhaji ya riga ya sa an fito da kayan gaisuwarmu an jere a zaure, za a mayar. Yana cikin ba da haƙuri sai ga Iya Kulu ta dogaro sanda ta shigo, abin da ba ta saba yi ba in da baƙi maza. Ashe tun daga "Ƙarya ne!" tana laɓe tana kallona ta jikin ƙofa.

"Nalado," in ji ta, "a mai da kayan nan ciki. Da ya zo shina sunkuye-sunkuye ban yarda da shi ba, don ban san mi ke cikinsa ba. Yanzu na gani. Yaron da ya manta kunya, ya manta abinci, ya tashi zai yi dambe don an ce sabo ya fi tsoho, shi nake so wa jikata. Ranar da Saude ta tsufa, wanga ba zai je ya kwaso sabuwa ya ce ta fi launi ba." Kawu ya ce daga nan ta juya ta dubi ɗan nata, wanda bai daɗe da ƙara ta uku ba, ta ce, "Ba kamar wasu ba."

Alhaji ya daɗe yana duban buzunsa. Da ya ɗago ya ce ya ji, amma da sharaɗi ɗaya, ƙafata kada ta sake taka sinima. Kawu ya karɓa a madadina nan take, ko shawarata bai nema ba.

Aka sa rana, aka ɗaura aure. Alkawarin sinima na cika shi, kuma bai yi wuya yadda na zata ba. Wanda ya ɗaure ni tamau shi ne ɗayan, wanda ban taɓa ɗauka da bakina ba, Iya ce ta ɗaukar mini a gaban shaidu. Abokaina na teburin shayi galibi sun ƙara aure, wasu har sun cike. Ni kuwa ko gyaran murya na yi wajen wannan batu, Saude ba ta ko ɗago kai daga abin da take yi, sai dai ta ce, "Allah ya jiƙan Iya, ta dai tsaya maka." Shi ke nan an rufe taro. Ba kuma kuka nake ba. Mun tsufa tare, kuma har yau ban ga wata sabuwar da ta kama ƙafarta ba.

Abin da na koya shi ne, in gardama ta kama ka a gidan surukai, ka fara duba ƙofa, sannan ka zaɓi ɓangaren da za ka iya zama a kai har ƙarshen rayuwarka, don a can ba a mantuwa. Da bidiyo ya shigo gari na samo kaset ɗin duka biyun muka kalla a ɗaki, ni da Saude. Aka gama, ta miƙe tana kwashe kwanuka ta ce ita gaskiya sabon ya fi, ko ba komai lemar na harbi. Na buɗe baki, na dubi ƙofa, na ce, "Haka ne, Hajiya."